Ranar da 'Yardada Ta Waiwaya

Duk wanda ya tashi a Madabo ya san 'Yardada dillaliya, in bai san fuskarta ba ya san ƙullin kayanta. Atamfa, kwanukan jere, ɗan kunne, duk abin da matar gida ta gaji da shi ko babu ta sa ta rabu da shi, a kan 'Yardada yake zaga lunguna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma tun ina saurayi nake jin sallamarta a zaurukan mutane, da muryar nan tata da ba ta iya raɗa ba.

'Yan siyasa sun gano amfaninta da wuri. Namiji iyakarsa zaure, ita kuwa har ƙuryar ɗaki. Duk zaɓe ita ke fito da mata, ta jera su, ta nuna musu inda ake dangwalawa. In an ci, maza su raba kujeru, ita a aiko mata da turmin atamfa mai hoton wanda ya ci. Ta tara su har ta rasa mai saye.

Abin da ke ci mata rai shi ne ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwa. An gina shi, an yi bikin buɗewa, washegari aka garƙama masa kwaɗo, awaki suka mayar da barandarsa gida. Ƙanwarta Hadiza a cikin adaidaita ta cika, tana naƙuda, a cunkoson Ƙofar Wambai, a hanyar zuwa babban asibiti. Tun daga nan kowane kansila sai ya rantse wa 'Yardada zai buɗe ɗakin, kuma kowanne sai ya manta hanyar gidanta.

Sai ga wasu baƙi daga wata ƙungiya ta ƙasashen yankinmu. Suka tara shugabannin jam'iyyu da mata a otal, suka ce ƙasashen da ke cikin ƙungiyar sun yi alkawarin ba mata gurbi da tsabtace zaɓen fid da gwani. Jam'iyyar su 'Yardada, don a gan ta da kyau, ta ce mace ma ta fito. Ta dawo gida ranar ta ce kansila take so, ta gaji da roƙon makulli.

Abokin takararta Alhaji Ɗahiru ne, babban ɗan kasuwa, kuma wan mijin 'yarta Firdausi. 'Yardada ta san yadda ake yi: a kulle wakilai a ɗaki, a gama magana da su, a fito a ce an yi zaɓe. Don haka ta kafe sai dai a yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a fili, a ƙirga. Shugaban jam'iyya ya amince nan take har da murmushi. Murmushin nan ne ya hana ni sukuni, na same ta a ƙofar gida.

Na ce, “Yaya, matan nan da kike taƙama da su a ɓoye suka saba zaɓe. Ranar nan fa mazajensu na tsaye suna kallo.”

Ta ce, “Malam Anas, ni na yi musu jere, ni na rufa musu asiri ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Kai dai zo ka sha kallo.”

Ba ni da katin jam'iyya, kallon kuwa na je. Filin makarantar firamare ya cika tun hantsi, rana na dukan kowa. Aka tsayar da 'yan takara a gaba, fuskarsu na kallon teburin alƙalan zaɓe, aka ce kada su juya sai an gama jeruwa. 'Yardada ta tsaya ƙyam da lemarta, tana jin takun mata da ƙarar awarwaro a bayanta, tana murmushi.

Ni da ke gefe na ga abin da ba ta gani. Mace za ta nufo layinta, sai ta haɗa ido da miji ko suruki, sai ta ja mayafi ta karkata. Ba wanda ya daka wa kowa tsawa, ba a ma buƙata. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Da aka ce su juya, ta juya. A bayanta tsofaffi ne 'yan kaɗan, waɗanda mazajensu suka daɗe a kushewa, ba su da sauran wanda za su ji tsoro. Layin Alhaji Ɗahiru kuwa har bakin katanga. Shugaban jam'iyya ya ɗauki lasifika ya ce, “Jama'a shaida ne, mun ba mata dama, mata ne da kansu suka ƙi 'yar'uwarsu.” Baƙin nan suka tafa, suka ɗauki hoto, suka yaba da zaɓen da aka yi a idon kowa.

'Yardada ba ta saurare shi ba. Idonta na kan wata mai tsohon ciki a tsakiyar ɗaya layin, ta rufe fuska ruf da mayafi. Zanen jikinta 'Yardada ce ta saka shi da hannunta a kayan aurenta. Ta taka har wurin. Firdausi ce. Ta fashe da kuka, ta yi kamar za ta fito.

Uwar ta riƙe kafaɗarta, ta damƙa mata lemar. A karo na farko a rayuwata na ga 'Yardada ta yi ƙasa da murya, amma ina kusa, na ji.

Ta ce, “Tsaya inda kike a ƙirga ki. Kada a je a ce wa mijinki kin fita daga layi.”

Ta koma gida a rana, ita kaɗai. Har yau tana dillancinta, tana shiga gidajen nan, ba ta taɓa tambayar kowa dalili ba. Da haihuwar Firdausi ta zo, ita ta tare adaidaita, ta rungume ta a baya, suka wuce ta gaban ɗakin haihuwar nan mai kwaɗo suka nufi Ƙofar Wambai.