Bashin Yumɓu a Ushafa

A shekarar da aka yi husufin rana, kwanaki kaɗan bayan ƙidayar jama'a, ina zaune a Jikwoyi, ina neman abinci da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal. Abuja na ta buɗewa a lokacin. Ko'ina ka waiga gini ne, kuma duk wanda ya gama gida sai ya nemi tukwanen fure ya jera a ƙofa. Aikina shi ne in je Ushafa in ɗauko tukwane da randuna wurin wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, in kai wa masu sayarwa a bakin titi. Mama kowa ke ce mata.

Tun bayan Babbar Sallah motar ta fara nauyin tashi. In na murɗa makulli sai injin ya juya a hankali, kamar mai ciwon baya zai tashi daga tabarma, fitilun gabana su dushe, sai shiru. Ita kuwa mai dizal, in ba a juya ta da ƙarfi ba, ba ta kamawa. Da farko na ɗora wa sanyi laifi. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ba ta sake hali ba. Sai na koma ajiye ta a gangaren bayan masallaci, in an idar da asuba jama'a su tura ni. Wata rana liman ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce, "Malam, tun da motarka ta kwanta, ana sallama sahu yake watsewa. Ko masu zaman lazimi yanzu a gida suke ƙarasawa."

A Ushafa dabarata ita ce ba na kashe ta. In bar ta tana kiɗa har a gama lodi. Ranar husufin, mun gama jera kaya a cikin ciyawa ke nan sai hasken hantsi ya fara yin wani iri, kaji suka nufi akurki. 'Yan ci-ranin da ke wurin suka tsaya za su yi sallar husufi, na ga bai kamata mu tsaya gaban Ubangiji inji na ta ɓaɓatu a bayanmu ba. Na kashe ta.

Da rana ta washe, na murɗa makulli, ta yi nishinta na kullum. Mutanen da muka yi salla tare suka kama turi. Na saki kuloci, mota ta yi tsalle ta kama, a lokacin kuma na ji ƙara daga baya, irin wadda ba sai an gaya maka ba. Manyan randunan da ke jingine da ƙarfen bayan motar duk sun tsage.

Mama ta zo ta ɗaga ciyawa, ta daɗe tana dubawa. Na sa hannu a aljihu, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ajiye abinka, Malam. Yumɓu ka fasa, yumɓu za ka kawo. Mota ɗaya cike, daga ramin bayan dutse, kafin ruwan sama ya cika shi."

Na ce, "Mama, wannan ai mai sauƙi ne."

Ta ce, "Mai sauƙi? Haƙa da lodi wuni ne. Za ka bar inji yana shan mai tun safe har yamma? Can babu gangare, babu maza, mu ne kawai da fartanya. In motarka ya mutu, ni ba na turi. Kuma kafin ka kawo, ko kasko ɗaya ba za ka ɗauka a gidan nan ba. Akwai wani direba, kullum yana zuwa gaishe ni."

Na san direban, na kuma san ba don Allah kaɗai yake gaisuwar ba. Ga hadari ya fara leƙowa da yamma.

Washegari na nufi Durumi wurin wani mai cajin batir, mutumin Gabas, wanda muka daɗe muna tsokanar juna. Na ce masa batir ya mutu, ya nemo mini wani.

Ya ce, "Oga Malam, kai ne likita ko ni? In kai ne, zo ka zauna a kujerana, ni in je in ɗauki tukunya."

Ya ɗauko mitarsa ya ɗora wayoyinta a kan batir. Allura ta tsaya a sha biyu da ɗoriya. Ya ce in murɗa. Na murɗa, injin ya yi nishi, allura ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya.

Ya ce, "Ka gani? Batir da ya mutu, in ka taɓa makulli allura zai faɗi ƙasa gaba ɗaya. Wannan yana da rai. Ya fi ka lafiya ma."

Don ya huce mini zuciya, ya ɗauko wani batir da ya cika da caji ya ɗaura. Nishin bai canza ba. Sai ya mayar da nawa, ya kwanta a kwali ya shiga ƙarƙashi, ya ɗora mita a jikin sitata, wato abin da ke juya injin, ya ce in sake murɗawa. Daga ƙasa na ji yana dariya.

"Wuta yana fita daga batir da yawa, yana isowa nan kaɗan. Akwai ɓarawo a hanya."

Ya fito ya kama hannuna ya ɗora a kan baƙar waya mai kauri, wadda ta tashi daga batir aka ɗaure ta da noti a jikin mota. Wurin notin da zafi kamar an ɗauke shayi. Ya sa sifana ya kwance, ya nuna mini ƙarƙashin. Shuɗin fenti ne luf, mai kauri, ga tsatsa ta zagaye shi.

"Wa ya yi maka fenti?"

Sai a lokacin na tuna. Gab da Sallah na kai ta an fesa mata sabon fenti ciki da waje, har na zauna da kaina na rubuta addu'ar tafiya da ajami a ƙyauren baya. Mai fentin, don son aikinsa ya yi kyau, ya cire wayar ya fesa wurin, sannan ya mayar a kan fenti. Rediyo da fitila suna samun ɗan abin da ya ishe su ta jikin noti, shi ya sa ban zargi komai ba. Sitata kuwa ba ta ƙoshi da wannan.

Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya goge bakin wayar, ya shafa giris, ya ɗaure tamau. Na yi bisimilla na murɗa. Kafin in saki makulli ta kama. Ya ce, "Ka je ka gaya wa mutanen masallaci su dawo."

Ranar da muka je ramin, sama ta yi nauyi tun safe. Na tsaya a fili inda babu ko alamar gangare, na kashe mota, Mama na kallon hannuna. Ita da matan gidanta suka shiga haƙa, ni ina karɓar kwanduna ina juyewa. Na yi azahar a gindin wata ɗorawa, na yi la'asar a wurin. Da mota ta cika har ta zauna a kan tayoyinta, iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa. Mama ta hau gaba, ta bar ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje.

Ta ce, "In sauka tun yanzu, ko in jira?"

Na ce, "Rufe ƙofa, Mama."

Na murɗa, ta tashi. Mama ta janyo ƙafarta ciki, ta rufe ƙofa. Mun juye yumɓun a rumfarta ke nan yayyafi ya sauko. Ta gutsuri kaɗan ta murza tsakanin yatsunta, ta dube ni.

Ta ce, "Ka biya, Malam. Jibi ka zo da wuri, za mu kwashe kaya daga wuta."