Maganar Wajen Rakiya

Ƙanena yana aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, ni kuma ina unguwar Al Rigga ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya. Shekarar da ya daina barci, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, da kaina na ja shi asibiti. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, don haka ni ce tafinta.

Likitan farko ya tambaye shi ya jiki. To, me Bahaushe zai ce? "Alhamdulillahi, da sauƙi." Mutumin ya yi dariya, wai mu 'yan Afirka ƙarfi gare mu, irin wannan ciwon ba namu ba ne, kewar gida ce kawai. Ya ba shi farasitamol, khalas, shi ke nan. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata 'yar zangon Gana mai aiki a otal ce ta yi mini kwatancen wata masaniyar halayyar ɗan adam, 'yar Indiya, ta ce wannan ba ta raina baƙar fata. Muka yi ta zuwa, yaron nan kansa a sunkuye, duk abin da aka tambaya, da sauƙi. Na ce shi ke nan, nan ma sallamarmu za a yi.

Ba ta sallame mu ba. Ta ja ni gefe, ta ce ta gaji da ganin ana mayar da irinmu gida wai lafiyarmu ƙalau. In bai yi magana ba, ita ce ba ta iya tambaya ba. Ta ce, "A wurinku, yaushe mutum yake faɗin abin da ya kawo shi?"

Na ce, "Ai sai an gama gaisuwa, an sha ruwa, an miƙe za a tafi. A wajen rakiya ake maganar."

Zuwanmu na gaba sai ga ta ta rako mu har bakin lif. Tana tafe a gefensa, ba ta ko kalle shi ba. Ina danna maɓalli na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, gaya mata in ana ɗaga kwantena, ƙarƙashinta nake zuwa in tsaya."

Innalillahi! Lif ya buɗe ya rufe. Turancin ya gudu daga bakina, na damƙe hannunsa. Ta dubi fuskata, ba ta jira fassara ba ta ce mu koma ciki. Ni kuwa abu ɗaya nake ta juyawa a raina: gobe yana da aikin safe.