Ɗakin Jegon da Gwadabe Ya Gina da Yashin Kuza

A Naraguta idan aka ce Gwadabe mai filasta ba a sake tambayar wanne. Ya haura shekara sittin, dogo ne siriri, siminti ya cinye zanen yatsunsa har na'urar masu rajistar zaɓe ta ƙi karɓar hannunsa. Mahaifinsa daga ƙasar Kano ya zo zamanin haƙar kuza, ya yi leburanci a ramuka har ƙarfinsa ya ƙare, ya bar masa gida mai ɗakunan ƙasa biyu da rufin kwano. Gwadabe bai shiga rami ba. Tun yana saurayi ya bi wani magini, ya koyi ɗora bulo, amma hannunsa ya fi zama a shafe bango.

Yashi ne ya fitar da sunansa. A bayan tsoffin wuraren wankin kuza akwai tsibi-tsibin yashin da kamfanoni suka tace suka zubar, mai laushi kamar gari, ba tsakuwa ba laka, da ɗan ƙyalli idan rana ta taɓa shi. Ba mai sayarwa, ba mai hana ɗiba. Duk maginan unguwar suna amfani da shi, sai dai Gwadabe yakan sake tankaɗe nasa da rariya kafin ya kwaɓa. Bangon da ya shafe ba ya tsagewa, masu gida da yawa sukan bar shi haka ba fenti.

'Ya'yansa maza uku ne, mace ɗaya, Raliya. Tun tana sakandare ya fara gina ɗaki a ƙuryar gidan, a hankali, duk lokacin da aiki ya yi sauƙi. Da wannan yashin ya buga bulon, da shi ya yi daɓe, da shi ya shafe bango ciki da waje har sau biyu saboda sanyin Jos. Taga ya yi ta ƙarama, da murfin katako mai kamawa gam. Kowa a gidan ya san amfanin ɗakin. Haihuwar fari gidan iyaye mace take komawa, a yi mata wankan jego da ruwan zafi safe da yamma, a rufe ta da jaririnta a ɗaki mai ɗumi har ta yi arba'in. Matarsa Hanatu a ɗakin ƙasa mai yoyo ta yi nata jegon, ta fito da ciwon ƙirjin da bai bar ta ba har yau. Gwadabe ya ce tasa 'yar ba za ta ga haka ba.

Da rani, shekarar da aka ɗaura auren Raliya, wata farar mota mai lambar gwamnati ta fara zagaya tsibin yashin. Mutanen wata cibiyar bincike ne a kan makamashi. Gwamnati ta ba su kuɗi su auna ma'adinan da suka rage a yashin kuza, don a san ko wata rana za su yi amfani wajen samar da wutar lantarki ta nukiliya. Shugabarsu Dokta Firisila, 'yar Jos ce, gajeriya mai saurin tafiya. Mai unguwa ya haɗa su da Gwadabe don ya nuna musu hanya, ya bi su 'yan kwanaki yana riƙe musu shebur.

Ranar da za su gama ya gayyace su gida shan ruwa. Dokta Firisila ta shiga tsakar gida ta gaisa da Hanatu, na'urar awonta tana rataye a kafaɗa, ta manta ba ta kashe ba. Gwadabe magini ne, ba ya iya barin baƙo ya fita bai ga aikinsa ba, sai ya buɗe mata sabon ɗakin. Na'urar da ke ɗan ƙas-ƙas jefi-jefi ta shiga yi ba tsayawa, kamar gugguru a kasko.

"Baba, da wane yashi ka yi wannan?" in ji ta.

"Da na tsibin nan da kuka fi daɗewa a kansa. Ai na gaya miki shi ne mai kyau."

Ba ta yi dariya ba. Ta kara na'urar a bango, ta kara a daɓe, ta fita waje ta sake shigowa. Ta nemi izini ta kankare kaɗan daga bayan ƙofa ta zuba a leda. Sannan ta yi masa bayani yadda zai gane. Yashin yana ɗauke da wani ma'adini mai fitar da tururin da ido ba ya gani. A fili iska na kwashe shi, amma a rufaffen ɗaki yakan taru, mutum ya yi ta shaƙa. Ƙarar na'ura ba hukunci ba ce. Yana iya zama kaɗan ne da ba zai yi komai ba, yana iya wuce haka, sai an kai ledar ɗakin gwaji.

"Kafin mu dawo a bar tagar a buɗe," ta ce. "Kada ƙananan yara su kwana a ciki. Kafin damina za ka ji daga gare mu."

Da suka tafi Hanatu ta tsaya a bakin ɗakin ta shaƙi iska da ƙarfi.

"Ni warin siminti kawai nake ji. Malam, abin da ba a gani, ba a jin warinsa, shi zai hana mu ɗaki?"

"Za su dawo," ya ce.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, farar motar ba ta dawo ba. Gwadabe ya daina ɗibar yashin kuza. Ya koma na rafi, wanda sai an saya kuma hannu ba ya gudu a kansa. Masu gida suka ga aikin bai kai na da ba, suka koma wurin samarin maginan da ba su daina ɗiba ba. Ya gwada gaya wa mutum biyu uku cikin waɗanda ya shafe wa gidaje. Ɗaya ya tambaye shi ko so yake a kira shi ya farfashe a sake ba shi aiki. Tun daga nan ya yi shiru, amma idan ya wuce layin da ya yi wa aiki yakan sunkuyar da kai.

Tsohon abokin aikinsa Romanus, mai buga bulo a Kabong, dariya ya yi masa.

"Oga Gwadabe, a kan yashin nan aka haife ni, a kududdufin kuza na koyi iyo. Dube ni. Ban da hawan jini da mace mai surutu me ke damuna?"

"Da gwiwa."

"Gwiwa ta bulo ce, ba ta gwamnati ba. Matar nan ta kawo maka takarda?"

"Ba ta kawo ba."

"To ka kwana lafiya. Su ma suna can suna kwana lafiya."

Sai ga labari daga Tudun Wada, inda Raliya ke aure, cewa cikinta ya tsufa, za a kawo ta gida cikin damina. Hanatu ta fara tara itace, ta aro babbar tukunya, ta sayo kanwa da kayan yaji. Ta share ɗakin, ta shimfiɗa sabuwar leda, ta cusa tsumma a 'yar kafar da ke ƙasan taga. Gwadabe yana kallo. Washegari ya sa rigar Juma'a ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi neman cibiyar.

Ya same ta a bayan gari, gini mai kyau, ciyawa ta kai gwiwa a harabar. A kan rufin an jera allunan sola sababbi fil, amma ciki ba wuta, mai gadi ya ce ba a kawo baturan ba. Farar motar tana ƙarƙashin bishiya, tayoyinta sun sace. Dokta Firisila tana ofishinta ita kaɗai, ta buɗe taga don ta ga abin da take karantawa. Ta gane shi tun kafin ya yi sallama, ta miƙe ta ba shi kujera.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Kashin farko na kuɗin binciken shi ne ya kai su Naraguta, kashi na biyu ba a sake shi ba. Injin da zai gwada samfurin yana wani gari, ya lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje. An canza shugabanni, sababbin suka ce yanzu hasken rana za a sa a gaba, ga shi can a rufi. Na'urar hannun ma an aika da ita a daidaita ta, ba ta dawo ba. Ta nuna masa kwalaye a jingine da bango, cike da ledojin yashi. Tasa tana ciki.

"Dokta, ni ban yi karatu ba," ya ce. "'Yata za ta haihu. Ki ce mini e ko a'a."

"Baba, wallahi ban sani ba. Idan na ce e ƙarya na yi, idan na ce a'a ma ƙarya na yi."

"Da 'yarki ce fa?"

Ta dubi kwalayen.

"Da tawa ce ba zan rufe ta a ciki da jariri ba. Idan tagar da ƙofar za su zauna a buɗe, da sauƙi."

"Mai jego, a Jos, cikin Agusta, da taga a buɗe?"

Ta san sanyin Agusta. Ita ma a garin aka haife ta. Ta rako shi har ƙofar harabar tana ba shi haƙuri, shi kuma yana ba ta.

A hanya ya yi tunanin farfashe filastar, ya tuna bulon da daɓen duk yashi ɗaya ne. Ɗakin ƙasa ɗaya babban ɗansa ne a ciki da iyalinsa. Saura ɗaya, nasa da Hanatu, wanda ta yi nata jegon a ciki. Da ya isa gida ya ce a kwashe kayansa a kai sabon ɗakin, Raliya da uwarta su zauna a tsohon.

Hanatu ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Shekara nawa kana gina ɗakin nan da sunanta? Sai yanzu da za ta shigo ka ce kai za ka shiga?"

"Haka za a yi."

"Me zan ce wa dangin mijinta ranar suna? In ce wani akwati ya yi ƙara?"

"Ki ce ni na ce."

Ya hau rufin tsohon ɗakin ya liƙe inda ke yoyo, ya shafe bangon da yashin rafi. Ya fi kowa sanin filastar da aka yi kan ginin ƙasa cikin damina ba ta bushewa da wuri, amma ya ɓata lokacin rani yana jiran farar mota. Aka yi ta kunna gawayi a ciki, bangon yana gumi.

Raliya ta zo, ta nufi ƙuryar gidan da jakarta, uwarta ta juyo da ita. Da aka gaya mata dalili ta dubi mahaifinta.

"Baba, sun ce akwai ciwo a ciki?"

"Ba su ce ba."

"Sun ce babu?"

"Shi ma ba su ce ba."

Ta shige tsohon ɗakin da jakarta.

Ta haifi namiji lafiya, aka sa masa Adnan. Ranar suna matan Tudun Wada suka cika gidan, suka ga mai jego a ɗaki mai warin danshi, suka ga takalman tsoho a bakin ɗakin da bangonsa ke sheƙi. Gwadabe yana zaure da maza ya jiyo surukar Raliya tana cewa, da muryar da take so a ji, wasu iyayen sun iya gini amma ba su iya kyauta ba.

Ruwan Agusta ya yi ta wuni yana zuba. Kafin jegon ya yi rabi jaririn ya fara tari, numfashinsa yana fita da ƙyar. Aka kai shi asibiti, likita ya ce sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, aka kwantar da su. Allah ya ba shi lafiya, amma da aka sallame su mijin Raliya bai maido su Naraguta ba, Tudun Wada ya wuce da su. Sauran wankan surukarta ce ta ƙarasa mata. Hanatu ta mayar da tukunyar aro, itacen da ya rage ta yi ta girki da shi. Ba ta taɓa ce wa mijinta laifinsa ne ba, ba ta kuma taɓa cewa ba laifinsa ba ne.

Gwadabe yana nan a sabon ɗakin shi kaɗai. Aikin filasta ya kusan yanke masa, yanzu gyaran suka-we, wato ramin masai, da matakalar gidaje yake samu, idan ya samu. Wani malamin makaranta mai mata da yara ƙanana ya zo neman hayar ɗakin, mai unguwa ya sa baki, Gwadabe ya ce ba na haya ba ne. Aka ƙara wannan a kan abin da ake faɗa game da shi.

Raliya takan zo jefi-jefi. Tana gaishe shi a durƙushe kamar da, tana kawo masa goro, amma hirarsu ba ta nisa. Zuwanta na ƙarshe Adnan ya fara rarrafe. Suna zaune a tsakar gida yaron ya nufi buɗaɗɗiyar ƙofar ɗakin kakansa, ya ɗora hannu a kan dokin ƙofa. Gwadabe ya miƙe ya ɗauke shi, ya ja ƙofar da ƙafa.

"Baba, minti ɗaya fa," in ji Raliya. "Kai kullum a ciki kake kwana."

"Ni na tsufa."

Ta karɓi ɗanta ta goya shi, ta ce hadari ya haɗu, gara su kama hanya kafin ruwa ya sauko.