Gurabun Darar da Yaya Sule Ya Hana a Cike

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule, amma har yau in na ga muna zuba siminti a wurin aiki a Lusail, kusa da Doha, shi nake tunawa. Mutumin nan ya sha rigima da siminti!

Mu 'yan Zango ne na wani gari a bakin teku a Gana. Akwai tsohon sansanin da Turawa suka gina a can, suka tsare bayi a ciki, daga baya suka sa sojoji Hausawa gadi. Kakan babanmu yana cikin sojojin. Ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina. Abin da suka bari kawai shi ne gurabun dara da suka sassaƙa a dutsen saman katanga, inda suke wasa in gadi ya gundure su.

Da aka zo gyaran sansanin, masu aikin suka ɗauka iskar teku ce ta cinye dutsen, suka ce za su cike ramukan. Yaya bai yi faɗa da kowa ba. Tsofaffin Zango ya tara, su hau katangar da sassafe da tsakuwa da tsinke su zauna suna dara, shi kuma ya karɓe su in ya tashi daga makarantar da yake koyarwa. To, wa zai ce da tsoho ya matsa a zuba siminti?

Na kira shi daga Doha na ce, "Haba Yaya, da hawan jininka kake hawa benen nan saboda ramuka?"

Ya ce, "Kai Bala, in an cike su, da me zan nuna wa 'yata Hauwa'u cewa mutanenmu sun zauna a nan?"

Ya rasu ba a gama aikin ba, bai san yadda za ta kaya ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Watan jiya Hauwa'u, 'yarsa, ta turo mini bidiyo ina ɗakina a unguwar Al Muntazah a Doha. An buɗe sansanin, fari fes. Gurabun suna nan, an kafa allo mai bayanin sojojin, yara biyu sun durƙusa suna wasa. Wallahi kabbarar da na yi sai da maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da yana raye, na san ba allon zai tsaya karantawa ba. Durƙusawa zai yi ya ce wa ɗaya daga cikin yaran, "Ba nan ake sa tsinke ba, kawo in nuna maka."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ba a cike ko ɗaya ba.