Wadda Ta Koya Mini Zanen Wuta

Mijina kayan sassaƙa yake sayarwa a kasuwar Filinge. Ba shi ke sassaƙawa ba, masassaƙa ke kawo masa daga ƙauye, shi kuma ya baza a rumfa: akushi, koshiya, muciya da kujerun tsuguno na mata. Da ya rasu, ya bar mini ɗaki guda maƙil da su, farare, ko ɗigon zane babu. Na fita takaba na rasa yadda zan yi da su. Ban saba zaman rumfa ba, ga kuma kwanukan roba da na silba sun cika gari. Kowace safiya sai in buɗe ɗakin, in duba ko gara ta shiga, in ja ƙofa in rufe.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama. Na leƙo na ishe wata tsohuwa siririya da kwando a ka, ta rufe hannunta na dama cikin mayafi. Hausarta tana da ɗan karkata, irin ta mutanen Imanan.

"Daga Bonkuku nike, ɗiyata," ta ce. "Gidanmu gidan maƙera ne. Na san maigidanki, Allah shi jiƙan shi."

Na amsa, na shimfiɗa mata tabarma. Gaisuwa ba ta gama sauka ba ta ce in nuna mata kayan. 

"Inna, wa ya gaya miki suna nan?"

"Rumfa ta daɗe a rufe. Ina za su tahi in ba gida ba?"

Amsar ba ta da aibu, amma ta zo da sauri, kamar an shirya ta tun a hanya. Duk da haka na buɗe ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta yana yawo daga tuli zuwa tuli. Ta ɗauki akushi guda da hannun hagu, ta juya shi, ta shinshina.

"Itacen danya ne, ya bushe sarai. Haka farare ba mai saye. Amma in aka yi musu zanen wuta, har daga Yamai za a zo nema. Zan koya miki."

"Me zan biya?"

"Ruwan sha, in na zo kasuwa."

Da marece na je wurin wan mijina, wanda ke aiki a meri, ofishin magajin gari, na gaya masa. Ya saurara har na gama, yana kaɗa ƙafa.

"Shekara nawa ina zama rumfar ƙanena in na tashi aiki," ya ce, "ban taɓa ganin wata tsohuwa mai kwando ba. Kuma wa kika taɓa ji ya ɗauki sana'ar gidansu ya kai wa bare kyauta? Akwai abin da take so. Ki sa wa ɗakin kwaɗo, kuma in ta kawo miki abin ci, kada ki ci."

"To Yaya, in kore ta ke nan?"

"Ban ce ki kore ta ba. Na ce ki buɗe ido."

Na sayi kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Da kasuwa ta zagayo, tsohuwar ta dawo. Ta fito da ƙarafa daga kwando, kowane da ƙotar itace: wani an yi shi da wayar ƙafar keke, wani da babbar ƙusa da aka daddale bakinta, wani kuma guntuwar wuƙa ce. Ta sa na hura gawayi a kasko, na jera bakunan ƙarafan cikin garwashi. Na zaci yanzu za a fara zane, sai ta miƙo mini guntun fasasshiyar kwalba.

"Kankare tukun. Duk inda gizago ya bar tudu, nan ƙarfe zai yi tuntuɓe."

Na kankare wata tsohuwar muciya, na goge ta da rairayi mai laushi har ta yi santsi. Sannan ta ce in zaro ƙarfe. Na zaro shi ja jawur, zan ɗora, ta daka mini tsawa.

"Tsaya! Wagga wuta rami za ta yi miki. Bari jan shi mutu kaɗan. Kuma kada ki taɓa kai shi ga kaya sai kin gwada a guntun itace."

Ranar ɗigo kawai na yi. In taɓa, in ɗaga, in taɓa, in ɗaga. Wasu suka fito baƙi ƙirin, wasu ja-ja kamar cizon sauro. Hayaƙi ya cika mini ido har ta sa na juya zama, iska ta riƙa bugowa daga gefe. Bayan ɗigo muka shiga layi. Ta ce in riƙa jawo ƙarfen zuwa gare ni, kada in tura shi gaba, kada in danna, zafin ne ke aiki ba ƙarfina ba. In na tsaya a tsakiyar layi ko da na numfashi ɗaya, sai wurin ya yi baƙin kumburi. In ƙarfe ya huce, in mayar da shi wuta in ɗauki ɗan'uwansa, shi ya sa ake jera su da yawa. Ta nuna mini yadda jijiyar itace ke jan bakin ƙarfe in ana bin ta, da yadda yake tsalle in ana ƙetare ta. Ta koya mini tsoma zare a toka in zagaye bakin akushi da shi, ya bar mini farin layin da zan bi.

Duk wannan da baki ta koya mini. Ko sau ɗaya ban ga ta riƙe ƙarfen ba. Tana zaune a gefe, hannun dama cikin mayafi, tana nuni da na hagu. Na fara tambayar kaina ko ma ta iya abin. Wata rana na miƙa mata ƙarfe da gangan.

"Inna, wannan kusurwar ta gagare ni. Yi mini guda in gani."

Ta dubi ƙarfen, ta dube ni. "Ni na gama nawa. In na yi miki, idonki ne zai koya, hannunki shina nan yadda yake."

Na mayar da ƙarfen cikin garwashi. Amma daga ranar, in na shiga ɗaki ɗauko kaya, sai in ja ƙofar a bayana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwandon. Kowace ranar kasuwa, in za ta tafi, sai ta tattara duk abin da na zana a satin ta zuba a ciki. Ta ce aikin ɗan koyo ba ya kwana a gida, ido zai saba da kuskure ya ɗauka daidai ne. Za ta kai wa ɗanta ya kankare zanen, a dawo mini da su farare in sake. Kuma tana dawowa da su, ban ce ba ta dawowa ba. Sai dai ni na yi shekaru ina taya mijina goge waɗannan kaya, na san nauyinsu a hannu. Akushin da aka kankare ya kamata bakinsa ya yi siriri, a ga inuwar tsohon zane. Waɗanda take kawowa ba su da inuwar komai, nauyinsu ba ɗaya ba ne da na kayan mijina, kuma wasu ma da sauran ɗanyen wari.

Na gaya wa wan mijina. Ya ce, "Ba na gaya miki ba? Musanya take miki, ta kwashe masu kyau ta kawo na banza. Ki bari in zo in same ta."

Na ce ya dakata. Gaskiya ita ce hannuna ya fara faɗawa. Na iya jera kusurwoyi su zagaye akushi su haɗu ba tare da gurbi ba, na iya cika tsakaninsu da ƙananan layuka kamar saƙar tabarma. In na gama na shafe da man gyaɗa, baƙin ya fito, farin ya yi ja, sai in zauna ina kallo. Tun rasuwar mijina ban sami abin da ya ɗauke mini hankali haka ba. Ina zarginta, kuma ina jiran ranar kasuwa.

Ana nan sai ɗiyar ƙanwata da ke aure a Bonkuku ta haihu, muka tafi suna. Ya dace da ranar kasuwarsu, aka aike ni sayen kayan yaji. Ina ratsa layin maƙera na hango tabarma da kayan itace masu zane, wani magidanci yana zaune a bayansu. Na tsuguna. Koshiyar farko da na ɗauka, na gane ta. Ranar da nake zana ta akuya ta ture ni, ƙarfe ya zame ya yi tabo kusa da wuya, na kewaye tabon da ɗige-ɗige don ya ɓace. Ga shi nan. Na duba sauran. Babu wanda ba a tsakar gidana aka ƙona ba.

"Malam, aikin wa ne wannan?"

"Na tsohuwarmu ne, Hajiya. Kowa ya san hannunta a ƙasar nan. Ta ɗan yi ciwo, amma yanzu ta koma aiki."

Na ajiye koshiyar a hankali.  Na sayi yajina na koma gidan suna, ana ta guɗa.

Da ta zo kasuwar gaba, ban hura wuta ba. Na kawo mata ruwa a ƙwarya, na zauna gabanta.

"Inna, na je Bonkuku. Na ga tabarmar ɗanki."

Ba ta firgita ba. Ta sha ruwanta, ta ajiye ƙwaryar. Sannan ta zaro hannun dama daga mayafi ta ɗora a gwiwa. Yana ta karkarwa shi kaɗai, yatsun sun lanƙwashe ciki.

"Tun bara yake haka," ta ce. "Masu saye sun saba da ni. Matar ɗana ba ta da haƙurin wuta. Gida kuwa da wanga aiki yake ci."

"Sai ki ce mini kankarewa ake yi?"

"Da na gaya miki gaskiya ran farko, da kin yarda?"

"Ban sani ba. Amma da kin tambaye ni."

"Kin zo da hannu, na zo da zane. Kusurwar nan da kike jerawa, a wurin uwata na koye ta. Wa ya ci wani?"

"Kayan mijina fa, da kika musanya da ɗanyu?"

Nan ta kawar da kai. "Za su bushe," ta ce.

Na tambaye ta ko da gaske ta san mijina. Ta ce ta san rumfarsa, tana wucewa ta gabanta. Na ce ba abin da na tambaya ba ke nan. Ta ce zafi ya yi yawa yau, ko akwai sauran ruwa.

Ban kore ta ba, ban kuma kira wan mijina ba, ko da yake ya yi fushi da ya ji. Na dai ce mata daga yau abin da na zana a gidana zai kwana. In ɗanta yana son aiki, ya aiko da nasa itacen, in zana masa, mu yi magana a fili. Ta ce to. Ta ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, ta koya mini yadda ake kwantar da gefen wuƙa a yi inuwa mai duhu da mai haske, abin da ban taɓa sanin ana yi ba. Amma zaman ya sauya. In ta yaba aikina sai in ce a raina me take nema, in ta kushe sai in ce so take in raina shi ta ɗauka. Ita ma ta lura. Itacen ɗanta bai taɓa zuwa ba. Da ruwa ya sauka ta ce hanya ta yi wuya, daga nan ban sake ganinta ba.

Bayan girbi na buɗe rumfar mijina da kaina. Na sa maƙerin unguwarmu ya ƙera mini ƙarafa nawa, nakan kai kaskona can in zauna ina zane mutane suna kallo. Masu haɗa kayan ɗakin amarya su ne suka fara saye, sai ma'aikata masu neman tsaraba in za su Yamai.

Wata ranar kasuwa wata mai sayar da tabarmi daga Imanan ta zauna inuwar rumfata tana hutawa. Na kwatanta mata tsohuwar, na tambaya ko tana raye.

"Tana nan garau," ta ce. "Yanzu wajen Tondikandiya take zuwa. An ce akwai wata mata can da mijinta masassaƙi ya tafi ci-rani bai dawo ba, ita take koya wa."

Na daɗe riƙe da ƙarfe har ya huce a hannuna. Na yi tunanin in aika wa matar nan saƙo, amma ban san sunanta ba, ban san ƙauyensu ba, ban ma tabbata me zan ce mata ba. Mai tabarmi ta tambaya ko in ta ga tsohuwar ta gaishe ta. Na ce ta gaishe ta, ta ce mata na buɗe rumfa. Na mayar da ƙarfen wuta, na ɗauki wani, domin akwai mai kujera da ke tsaye tana jira.