Ranar da Muka Buɗe Ƙofar Kurmin Bayan Zongo

A duk shekarun da na yi ina aikin gandun daji, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Asabar da aka tura ni taro da mutanen unguwarmu. Ku da kuka shigo aikin nan sababbi, ina so ku ji yadda aka yi.

A lokacin ƙaramar ma'aikaciya ce ni, ina ƙarƙashin Shef Kwami, shugaban sashenmu. Cikin wuraren da muke kula da su akwai wani ɗan kurmi a bayan Zongo, wanda hukuma ta dasa tuntuni, yawancinsa dogon yaro, aka kewaye shi da waya. Doka ta hana kowa shiga. Aikinmu shi ne sintiri, da ƙwace gatari idan mun kama mai sara, da rubuta rahoto. Sai ya zamana kullum muka ɗaure wayar ta ɓangaren Zongo, bayan kwana kaɗan mu tarar an sake yanke ta. Abin ya ishi manya, suka ce a gina katangar bulo a huta.

A ƙa'idar aikinmu, ba a sauya wani abu a daji sai an zauna da maƙwabtansa an ji ta bakinsu, a rubuta, a aika sama. Shef ya kira ni ofis ya ce, "Saratu, ke kike jin yarensu, kuma 'yar can ce ke. Je ki sanar da su. Maganar katanga an riga an gama, taron nan cika ƙa'ida ne."

Na je cikin kakina. A Zongo aka haife ni, rabin waɗanda suka zauna a rumfar ƙofar gidan mai unguwa sun san ni tun ina zuwa makarantar allo. An gayyato maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ewe da ke ɗaya gefen kurmin, dattijonsu Togbi Mensa ya zo da mai yi masa tafinta.

Ina gama bayanin katanga wuri ya kaure. Alhaji Danjuma mai sayar da raguna ya ce ciyawa tana lalacewa a ciki, dabbobinsa suna kallo. Samari suka ce ba su da inda za su motsa jiki, suna magana suna haɗawa da Faransanci. Ni kuwa ina ta maimaita abin da aka aiko ni da shi: ana yanke waya, don haka dole a yi katanga.

Sai wata dattijuwa ta miƙe daga cikin mata. Hajiya Balaraba ce, mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Asigame, ƙawar mahaifiyata. Ta gyara mayafinta ta ce, "Saratu, 'yata, ki daina neman mai yanke waya. Ni ce."



Ta ce, "Kowa a nan ya san Malam Inuwa, mijina. Ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce in ana so ƙafar ta dawo, sai ya riƙa takawa kullum. To ina zai taka? Lungunmu kwata ce da 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa. Ranar farko da na fito da shi, babur ya goge shi ya faɗi, na ɗaga shi yana hawaye. Shi ne na ari filaya wajen makaniki. Kullum da safe kafin in tafi kasuwa nake shiga da shi, ya taka a inuwa, mu fito. Ko ganye ban taɓa tsinka ba. In kama ni za ki yi, ga ni."

Na rasa inda zan sa kaina. A ƙa'ida sai in rubuta sunanta, a kira ta ofis. Matar nan kuwa ta goya ni ina jaririya.

Ban kai ga magana ba Togbi Mensa ya ɗaga hannu. Ta bakin tafinta ya ce shi katangar yake so. A gabashin kurmin akwai wani tsohon rimi da ya girmi duk dashen hukuma, wurin kakanninsu ne, suna girmama shi. Idan aka buɗe wa kowa, gobe za a tarar ana buga ƙwallo a gindinsa, ko ana fitsari. Wani saurayi ya yi wata magana ta raini daga baya. Liman ya juya ya ce, "Kai, rufe mana baki. Baƙonmu ne, kuma ba addinin kowa ya tara mu a nan ba."

Togbi ya dubi Hajiya ya tambaye ta da yaren Mina, wanda ta iya sosai saboda kasuwa, ko sun taɓa isa wajen rimin. Ta ce, "Mun hango shi, Baba. Da muka ga farin ƙyalle ɗaure a jikinsa muka san yana da masu shi, ba mu ƙara bi ta can ba."

Dattijon ya juyo gare mu. Sannan ya ce tunda muna gardama a kan wurin da yawancinmu ba su taɓa gani ba, me zai hana mu shiga tare, kowa ya nuna abin da yake so da abin da yake tsoro?

Makullin ƙofar yana aljihuna, amma ba ni da izinin buɗewa. Na koma gefe na kira Shef a waya, na gaya masa komai, har da maganar Hajiya. Ya ce, "Kin san ba wannan na aike ki ba ko?" Na ce, "Na sani, Shef. Amma in kun zo kun gani da idonku, ko me kuka yanke zan rubuta." Ya ce kar in taɓa ƙofar sai ya iso.

Ya zo a babur ɗinsa, ya karɓi makullin ya buɗe da kansa. Muka shiga, maza da mata. Wasu tsofaffi da suka shekara da shekaru a jikin wayar nan suna ta ɗaga kai suna cewa ashe haka cikin yake da sanyi. Hajiya ta aika aka zo da Malam Inuwa, ya nuna mana 'yar hanyar da ƙafarsu ta fitar, yana dogara sanda, yana tsayawa ya huta. Shef yana biye da shi a hankali. Da muka doshi gabas, Togbi ya tsaya ya nuna iyakar da ba ya so a wuce, Liman ya ce shi zai sanar a masallaci da bakinsa.

Kada ku ɗauka a ranar aka gama. Na rubuta rahoton yadda abin ya faru, ban ɓoye sunan kowa ba. Hajiya ta sami gargaɗi, samarin unguwa suka gyara wayar. Shef ya sha kai da kawowa tsakanin ma'aikatarmu da ofishin magajin gari, aka kwashe watanni kafin izini ya fito na gwaji: a buɗe da safe da kuma bayan la'asar, ba wuta, ba sara, ba dabbobi, ɓangaren rimi kuma a bar wa masu shi. Alhaji Danjuma ya yi fushi, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Ledojin ruwa ma sun so su fi ƙarfinmu, har muka taɓa rufe ƙofar na ɗan lokaci, sai da mata suka tsara shara a tsakaninsu aka sake buɗewa. Malam Inuwa bai warke sarai ba, amma ya kai yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Da rani ya tsananta a shekarar, wata rana da azahar wuta ta tashi a jujin da ke gefe, iska ta tura ta cikin busasshen ganyen kurmin. Ina can unguwar Adidogome wajen wani aiki aka kira ni. Kafin in iso na tarar da layin mutane tun daga rijiyar masallaci har cikin itatuwa, bokiti yana bin hannu, 'yan Zongo da jikokin Togbi a jere, kowa ya yi baƙi da hayaƙi. Alhaji Danjuma yana tsakiyarsu, babbar rigarsa a jiƙe, yana yi wa samari tsawa su yi sauri. Itatuwa kaɗan ne suka ƙone.

A makaranta an koya mana sunayen itatuwa da yadda ake kare su daga mutane. A Zongo na koyi cewa mu 'yan kaɗan ne, ba za mu iya tsare daji mu kaɗai ba, kuma mutum ba ya ɗaukar bokiti saboda wurin da aka hana shi sani. Don haka idan aka tura ku taro da mutanen gari, ko an ce muku cika ƙa'ida ne, ku ja kujera ku zauna, ku bari su gama magana.