Efken Mai Zanen Butocin Matattu

Efken 'yar masunta ce, an haife ta a inda kogin Cikama yake shiga teku. Da ta auri Puikon maginin tukwane ta koma unguwar magina da ke gindin babbar dalar tubali, ba ta san kan yumɓu ba ko kaɗan. Mijinta shi ke zuba butoci a mazubi, ya maƙala musu wuya mai lanƙwasa. Zane kuwa na mahaifinsa ne, tsoho Yontop. Shi ya ba ta aikin niƙa jar ƙasa da fara, ya kuma laƙaba mata suna 'Yar Kifi, wai ko ta yi wanka ƙarnin gidansu bai barin ta. Ita kuma takan ce masa ai bai taɓa mayar da kifin da uwarta ke aiko masa ba.

Shekara uku tana kan dutsen niƙa, idonta na kan hannun tsohon. Bai cika bayani ba, sai in ta tambaya. A hankali ta san mujiya mai lulluɓi tana nufin mai magani, wake mai ƙafafu ɗan aike ne da ke gudu tsakanin garuruwa, ƙaguwa mai fuskar mutum kuwa ƙarfin teku ne. Yawancin butocin ba a shan komai a cikinsu. Da mamaci ake binne su, don ya isa can da abin da zai nuna ko shi wane ne. Da hannun Yontop ya fara rawa, sai ya miƙa mata tsinken zanensa mai gashi a baka. Layinta ya fito siriri, bai karkace ba. Ya duba ya ce ba laifi, ya koma inuwa ya zauna.

Tana da 'ya'ya biyu aka yi shekarar ruwa. Ƙasar da sai a yi shekaru ba a ga ɗigo ba, sama ta yi ta zuba har magudanun gonaki suka fashe, masara da auduga suka kwanta cikin laka. Teku ya yi ɗumi, kifi ya gudu. Masunta suka riƙa yin nisa da kwalekwalensu na iwa, wasu ba su dawo ba. Cikinsu har da Cafulok, mijin Nepo, ƙawar Efken tun suna tsintar katantanwa a bakin ruwa.

Bayan kwana goma da ɓatansa Nepo ta zo unguwar magina da hantsi, ta zauna kusa da Efken, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba gawa, Efken. Me zan sa a ramin?"

Efken ta ce za ta yi mata buta. Ta ɗauko wadda Puikon ya gama, ta shafe ta da farar ƙasa, ta zana kwalekwale mai ƙafafu yana gudu bisa igiyar ruwa, kamar yadda aka saba. Amma a inda ake zana ubangijin teku da haƙoransa na damisa, sai ta zana mutum kawai, da ƙugiya a hannu, da karyayyen hancin da kowa ya san Cafulok da shi. A bayansa ta sa kwasakwasa guda, don tsuntsun ya san hanyar gida.

Yontop ya karɓi butar ya juya ta a hannu. Ya ce wannan wurin na abin bauta ne, tun kakansa ba a taɓa zaunar da masunci a nan ba, in matsafan dala suka gani za a yi magana.

"Baba, ba dala za ta ba," in ji Efken. "Rami za ta. In ban sa hancinsa ba, yaya za a gane shi a can?"

Tsohon ya sake duba zanen. Can ya ce ta gyara wutsiyar tsuntsun, ta yi kama da ta agwagwa. Da aka zo gashi, shi da kansa ya zaɓa wa butar wuri a tsakiyar wuta inda ba za ta yi baƙi ba. Nepo ta naɗe butar a cikin rigar mijinta, aka binne ta da ƙwaryar gyaɗa da barkono, aka zuba giyar masara a kan ramin. Ta koma gida ta ci abinci, karo na farko tun ranar da kwalekwalen ya fita.

Matsafan ba su taɓa jin labarin ba, ko sun ji sun ƙyale. Masunta da manoma kuwa sun ji. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce uwarsa masaƙiya ce mai giɓi, wancan ya ce ɗan'uwansa da hannun hagu yake riƙe fartanya. Efken takan bar su su yi ta magana, ta tambayi yadda mamacin yake zama da abin da yake ba shi dariya, sannan ta ɗauki tsinke. Tana zana mujiya da wake da ƙaguwa yadda aka koya mata, sai dai a wani lungu na butar akwai abin da 'yan gida kaɗai za su gane.

Ta binne Yontop, daga baya ta binne Puikon, kowanne da butar hannunta. Da idonta ya dushe ta bar wa 'yarta Sialu zane, ta koma goge butoci da ɗan dutse mai santsi har su yi sheƙi, aikin da yatsu ke gani ba ido ba. Ta rasu a lokacin girbin wake, tana da jikoki bakwai. Sialu ta kwana huɗu tana shawarar abin da za ta zana. A ƙarshe ta zana mace zaune da buta a cinya, kanta a karkace gefe guda tana sauraro.